Daga Kwalkwali Zuwa Matashin Kujera: Kare Kai da Wuyan Mai Gudu

Gabatarwa

Tun kafin zuwan mota Bahaushe ya san cewa wanda zai yi gudu a kan abin hawa sai ya tanadi abin kare kansa. A ƙasar Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, barade da 'yan lifidi sukan shiga fagen fama da kwalkwali. Sai dai shi kwalkwali sara da duka yake tarewa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa idan gudu ya tsananta, wuya ya fi ƙoƙon kai zama cikin hatsari, sa'an nan ta bayyana dabarar da masu tseren mota suka samo, da darasin da ke ciki ga matafiyanmu.

Abin da ke samun wuya

Kan baligi yana da nauyin kilo 5 ko kusa da haka, ga shi kuwa ƙasusuwa 7 na wuya ne ke ɗauke da shi, lakar da ke haɗa ƙwaƙwalwa da sauran jiki kuma ta cikinsu ta bi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. In ta yi karo ta tsaya cak, bel zai riƙe ƙirji da ƙugu, amma kai ba abin da ya riƙe shi, sai ya wuce gaba da irin gudun da ya taho da shi. Wuya ne zai sha wannan fizga. In ta yi tsanani, ƙashin gindin ƙoƙon kai yakan tsage, mutum ya cika nan take, ko da kuwa ba ƙwarzane a jikinsa. Hular kwano ba ta hana wannan. Hasali ma nauyinta ƙara wa wuya kaya yake yi.

Dabarar masu tsere

Akwai masu tseren da ba da kowa suke gasa ba sai agogo. Sukan nemi fili shimfiɗaɗɗe, kamar fakon gishiri na Bonneville a Amurka, su saki mota iyakar ƙarfinta. A 1997 wani Bature ɗan Ingila, Andy Green, ya yi gudun kilomita 1,228 a awa a hamadar jihar Nebada, wato ya wuce saurin sauti. Irin wannan mota in ta ƙwace takan yi ta wuntsilawa, kai kuwa ya yi ta kaɗawa gaba da baya, dama da hagu. Saboda haka ake kewaye direba da kejin ƙarfe, a sa matasai a gefen kansa biyu don kada ya sami wurin lilo.

Maganin fizgar gaba kuwa ya fito ne daga wani malamin jami'a a jihar Mishigan, Robert Hubbard, shi da surukinsa Jim Downing, bayan wani direban tsere abokin Downing ya rasu a 1981. Na'urarsu, mai suna HANS, wani ƙarfaffen abu ne da ke zaune a kafaɗa, bel ya danne shi, aka kuma ɗaure shi da hular kwano da igiyoyi biyu. Ta haka kai da gangar jiki suke tafiya tare, nauyin fizgar ya sauka a kafaɗa da ƙirji. Da fari direbobi sun ƙi ta, wai tana takura su. Sai da shahararren direba Dale Earnhardt ya mutu da irin wannan rauni a 2001 sannan aka tilasta ta a gasar da yake yi, gasar Formula 1 kuma ta bi sahu a 2003.

Darasi ga matafiyanmu

Mai bin hanyar Birnin Kebbi zuwa Kalgo da Jega ba tsere yake yi ba, amma wuyansa ɗaya ne da na ɗan tsere. Abin da aka tanadar masa shi ne matashin da ke saman kujera, wanda doka ta wajabta a sababbin motocin Amurka tun 1969. Ba don barci aka yi shi ba. Idan aka daki mota ta baya, kujera takan ingiza jiki gaba, kai ya karye baya. Matashin ne ke tare ƙeya. Amfaninsa yana cika ne idan samansa ya yi daidai da tsakar kai, kuma tsakaninsa da ƙeya bai wuce faɗin yatsa uku ba. In ya yi ƙasa ainun, sai ya zama abin da wuya zai lanƙwasa a kansa. Abin takaici, a tashoshinmu akan ga motocin haya da aka cire musu shi, ko aka cusa mutum biyu a kujerar mutum ɗaya, ba mai bel, ba mai matashi.

Kammalawa

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta tilasta ɗaura bel tun 2003. To, bel rabin aiki ne, don jiki kaɗai yake riƙewa. Kakanninmu ba su hau doki zuwa daga ba kwalkwali. Ya kamata jikokinsu, kafin direba ya tayar da mota, su miƙa hannu su daidaita abin da ke bayan ƙeyarsu.