Bitamin: Mai Buƙata Na Gudu, Marar Buƙata Na Saye

Kwanakin baya, da ma'aikatan lafiya suka zagayo unguwarmu a makon kula da lafiyar uwa da yara, na ga wani abu da ya tsaya mini a rai. Wata maƙwabciyarmu ta ja 'ya'yanta biyu ta shige ɗaka, ta ce ba wanda zai matsa wa yaranta "wannan jan abin" a baki, domin ta ji a wani saƙon murya da ke yawo a WhatsApp cewa maganin hana haihuwa aka ɓoye a ciki. Bayan magariba sai ga ta a kyamis ɗin bakin titi, tana cinikin wata kwalba mai hoton jariri kumatu ɓul-ɓul. "Ba ni mai ƙarfin," in ji ta, "wanda zai sa yaro ya ci abinci ya yi ƙiba." Ta ƙirga kuɗin da ya isa cefanen kwana biyu ta miƙa.

Abin da ta guda da rana bitamin A ne, kyauta, kuma shi ne yaranta suka fi buƙata. Abin da ta saya da dare kuwa, ko mai kyamis ɗin ban tabbata ya karanta abin da ke jikin kwalbar ba.

Ba zan ɗora mata laifin duka ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a 1996 ba, balle rikicin rigakafin shan inna na 2003. Amma tsoron ƙwanson kyauta ba shi ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ba. Abin da ya fi damuna shi ne yadda muka yi wa bitamin fahimtar baibai, mai ilimin boko da wanda bai shiga aji ba. A wurinmu bitamin maganin ƙarfi ne, maganin ƙiba ne, maganin ƙarin jini ne. Mutum ya wuni a rana ya gaji, maimakon ya ci abinci ya kwanta, sai ya nufi kyamis a yi masa allurar "bi-kwamfiles", ya fito yana jin kamar an sake masa inji.

To, a ji da kyau: bitamin ba ya ba da kuzari ko kaɗan. Kuzari daga tuwo da shinkafa da mai da wake da nama yake fitowa. Su ne itacen da jiki ke ƙonawa. Bitamin ashana ne. Wanda murhunsa ba itace, ko kwali goma na ashana ya ƙyasta, ruwa ba zai tafasa ba. Ɗan acaɓa ya fi kowa sanin wannan: babur da mai yake tafiya, amma in filogi ya mutu ko tanki a cike yake sai dai a tura. Sai dai kuma ba a taɓa jin wanda ya cika aljihu da filogi don babur ya ƙara gudu ba. Ko a ɗauki tela. Yadi da zare su ne riga, allura kuwa ba ta shiga cikin rigar, amma in babu ita babu ɗinki. A ba shi allura ɗari, keken nan allura ɗaya zai ɗauka. Haka bitamin yake a jiki: shi ke taimaka wa jiki ya narkar da abinci zuwa ƙarfi, ya gina jini, ya ɗinke rauni, ya kare ido da fata. In ya yi ƙaranci aiki ya tsaya. In ya kai iyakar da ake buƙata, ƙari ba ya ƙara komai.

Iyakar kuwa 'yar mitsitsiya ce. Bitamin B12 da baligi ke buƙata a rana mikirogiram 2.4 ne, alhali mikirogiram miliyan ɗaya ne ke yin giram guda. In aka tara abin da mutum zai buƙata a shekara 70, bai wuce nauyin ƙwayar shinkafa uku ba. Amma rashin wannan ɗan abin kan sa jini ya yi ƙasa, tafin ƙafa ya riƙa jin kamar ana tsira masa allura, har mantuwa ta shigo.

Bitamin iri 13 ne, kuma jiki ba ya yi musu riƙo iri ɗaya. Bitamin C da yawancin dangin B kamar ruwa a tulu suke: tulu ya cika, sauran ya malale. Wannan fitsarin rawaya shar da mutum kan gani bayan ya sha ƙwayar bitamin, har ya ce "ciwon ne ke fita", ba wani ciwo ba ne, rarar B2 ce ƙoda ta zubar. Kuɗinsa ne yake bi ta makwarara. Amma A da D da E da K rumbu ake yi musu a hanta da kitsen jiki, kuma rumbu in an yi masa lodin wuce kima tsagewa yake yi. Yawan bitamin D kan tara sinadarin ƙashi a jini har ya taɓa ƙoda. Yawan bitamin A ga mai ƙaramin ciki na iya nakasa abin da ke cikin. Shi ya sa wancan jan ƙwanso na yara ne, ba a ba mai juna biyu.

Maganar ƙiba kuwa, nan ne zambar take. Da yawa daga cikin ruwan magungunan da ake sayarwa da sunan bitamin mai buɗe ciki, akwai saifurohebtadin a ciki, maganin ƙaiƙayi da mura ne mai sa barci da yunwa. Abin da 'yan mata ke kira sha-ka-fashe kuma sau da yawa deksametason ake haɗawa da shi, wanda ke kumbura fuska, ya tara ruwa a jiki, ya ta da sukari da hawan jini, ya raunana garkuwa. Kumburi daban, ƙiba daban, kuma duk cikinsu babu wanda bitamin ya kawo.

Mu koma kan jan ƙwanson. Kakanninmu sun san dundumi sarai, har suka raɗa masa suna: yaron da ke wasa lafiya da rana, da almuru ta yi sai ya riƙa laluben bango yana tuntuɓe da ƙwarya. Alamar farko ke nan ta ƙarancin bitamin A, domin da shi ido ke haɗa sinadarin da yake gani da shi a duhu. In aka bari, farin ido ya bushe, wani abu kamar kumfar sabulu ya fito a gefensa, daga nan baƙin idon ya yi laushi ya lalace, kuma daga wannan mataki babu dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara 250,000 zuwa 500,000 ne ke makancewa duk shekara ta wannan hanya, kuma rabinsu ba sa cika shekara guda a raye bayan makantar.

Me ya haɗa ciwon ido da mutuwa? Bitamin A shi ke kula da shafen da ke lulluɓe cikin hanji da maƙogwaro da huhu, kamar yaɓen da ke kare katangar ƙasa daga ruwan sama. In yaɓe ya zube, kowane mamako sai ya ci katanga. Yaron da ba shi da isasshen bitamin A, gudawar da ɗan'uwansa zai warke daga ita cikin kwana uku, shi tana iya kai shi kushewa. Ƙyanda kuma ta fi kowa iya wawushe ɗan abin da ya rage a hanta, shi ya sa muke da makafin da za su ce maka ƙyanda ce ta tafi da idonsu tun suna yara. Wani likitan ido Ba'amurke, Alfred Sommer, shi ya ankarar da duniya da binciken da ya yi a Indunusiya a shekarun 1980: yaran da aka ba bitamin A sau biyu a shekara, mace-macensu ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Daga nan ne wannan rabo na wata shida-shida ya samo tushe. Shuɗin ƙwanso na jariri ɗan wata 6 zuwa 11 ne, ja kuma na ɗan shekara ɗaya zuwa biyar. Abin da ke ciki mai ne da bitamin A da ɗan bitamin E, shi ke nan.

Abin takaici, mai rabon sau da yawa ba ta da minti biyun da za ta faɗi wannan. An ba ta adadin gidajen da za ta shiga kafin azahar, an ba ta alli ta yi alama a ƙofa, ba a ba ta lokacin amsa tambaya ba. Hukuma ta kashe kuɗi a kan taron ƙaddamarwa da riguna masu tambari, ta bar fagen bayani ga mai saƙon murya.

Sauran ƙarancin ma a tukunyarmu suke farawa. Wani likitan Holan, Christiaan Eijkman, ya lura a tsibirin Jaba a shekarun 1890 cewa kajin da ake ba farar shinkafa gogaggiya ƙafafunsu na shanyewa, in aka mayar musu da mai dusa kuma su miƙe. Bitamin B1 ne ke cikin dusar. Matan Kebbi da Sakkwato da ke gumin shinkafa tun kafin a san sunan bitamin, ashe turara ta da ɓawonta yana tura wannan sinadari cikin ƙwayar. Mu kuma yau mun fi son tuwo fari tas, a surfe hatsi a kai dusar ga awaki. Awakin suna godiya. A kan haka kuma a zuba kanwa don wake ya yi saurin nuna, alhali kanwa na kashe B1 da bitamin C. Ban ce a daina ba, amma a rage hannu. Inda kuma masara ta zama ci yau ci gobe babu wake babu gyaɗa, akan ga fatar wuya da bayan hannu ta yi baƙi tana tsagewa, ga gudawa, ga ruɗewar tunani. Sai a ce sammu ne, alhali rashin B3 ne.

Akwai biyu da suka shafi haihuwa, kuma a nan ganganci ba shi da gyara. Lakar bayan jariri tana rufewa ne cikin kwana 28 na farkon ciki, lokacin da mace da yawa ba ta ma san ta ɗauka ba. Ƙaramar ƙwayar nan rawaya da ake bayarwa a wurin awo, folik asid, ita ke rage haɗarin haihuwar jariri da buɗaɗɗen gadon baya, amma amfaninta ta wannan fuska sai an fara sha kafin ciki ko da shigarsa. Mu kuma sai ciki ya kai wata biyar ake tunanin awo. Na biyun bitamin K ne, wanda ke sa jini ya daskare. Kowane jariri da ƙarancinsa ake haifarsa, shi ya sa ake yi masa allura guda ranar haihuwa a asibiti. A yi tunanin wanda aka haifa a gida, bai samu allurar ba, sannan cikin makon farko wanzami ya zo cire beli.

Ba kuma kowane ciwo ne bitamin ke da laifinsa ba. Yaran da ƙafafunsu ke lanƙwasa su yi baka ko gwame, littattafan Turai bitamin D suke ɗora wa. Amma binciken da aka yi a Jos, aka wallafa a 1999, ya nuna cewa a wurinmu, inda rana ba ta yi mana rowa, rashin sinadarin ƙashi na kalsiyam a abinci shi ne babban dalili. Nono da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu sun fi wa irin wannan yaro amfani a kan kwalbar da aka saya da ka.

Tun 2002 Nijeriya ta wajabta ƙara bitamin A a sukari da man girki da fulawa, ga ma tambarin ido da ake bugawa a jikin mazubinsu. Doka ce mai kyau a takarda. Sai dai talaka ba ya sayen mai a galan mai tambari. A kwalbar lemo ake auna masa, daga durom ɗin da ba wanda ya san asalinsa, an jera shi a rana tun safe, ga shi haske yana lalata bitamin A. Ban taɓa cin karo da jami'in da ya zo kasuwarmu duba wannan ba.

Sa'ar da muka yi ita ce maganin yana bayan ɗaki. Manja cike yake da sinadarin da jiki ke juyawa zuwa bitamin A, muddin ba a soya shi har ya yi fari ba. Ga zogale, ga alayyafo, ga kabewa da karas da mangwaro da gwanda. Wadda ta fara kwaɗa zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan mai ta yi hikimar da ba ta sani ba, domin sai da maiƙo hanji ke iya tsotse wannan sinadari. Garin 'ya'yan kuka da gwaiba sun fi lemon zaƙi bitamin C. Hanta 'yar kaɗan sau ɗaya a mako ta ishi yaro. Ƙwai kuwa, wanda har yau wasu ke hana yara wai kada su koyi sata, a sayar da shi a sayo ruwan magani mai zaƙi, wannan ciniki ne na asara.

Wanda likita ya auna ya rubuta masa bitamin, ya sha yadda aka ce: mai juna biyu, mai shan maganin tarin fuka da ake haɗa masa da B6, mai ciwon sukarin da ya daɗe a kan metfomin. Uwa kuma, in masu rabo suka sake zagayowa, ki tambaye su abin da ke cikin ƙwanson, haƙƙinki ne. In sun amsa, ki miƙo yaron, ki sa a rubuta ranar a katinsa, ki ƙirga wata shida.