Ɗan Barto da littafin bashin mai shago

Ɗan Barto na bakin iyakar Nijar da Najeriya, kan hanyar da ta taso daga Damagaram ta ratsa Matamaye ta faɗa Kwangwalam, daga nan sai Daura da Kano. Abincin mutanen garin a kan kwaltar nan yake: ɗan canji da damin naira da sefa, ɗan ruwa-ruwa da kwalaben fetur jere a benci, ɗan kabu-kabu, mai tuwon da ke jiran direbobi su gama da duwan.

Shekarar 2023 ta zo musu da duka biyu. Ranar 29 ga Mayu shugaban Najeriya Tinubu ya cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, ribar ruwa-ruwa ta tsuke. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da shugaban Nijar Bazoum, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka garƙame iyaka ana tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon gero bai nuna ba. Sai Maris 2024 aka buɗe.

A irin wannan matsi magidanci ya san matakan da zai bi. A rage awo, a koma fura da rana, a kai akuyar uwargida kasuwa, a roƙi uwar adashi ta sauya masa kwasa. In duk sun ƙare, sai a tura yaro wurin mai shago: "Wai in ji Baba, a ba shi tiya guda, a rubuta." Mai shago ya san babu ranar biya. Ya auna, ya buɗe tsohon littafin 'yan makaranta da maiƙo ya ɓata, ya ƙara layi. A ganina wannan ya fi buhun da ake rabawa ana ɗaukar hoto da salula, don wanda aka rubuta wa bashi yana fita da mutuncinsa.

Kada a raina tiya guda a ƙasar Kance, inda Ɗan Barto yake. A Oktoba 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su, galibinsu mata da yara daga wannan yanki da suka tafi neman abin sawa a baka. Gidan da awo ya yanke wa, shi ne motar Agadas ke ɗiba.

Sai dai shi ma mai shagon ba rijiya ba ne. Dilan da ke ba shi kaya kuɗi hannu yake so, in littafi ya cika jari ya karye. Nan ne masu hali suke barin wata ƙofa a rufe, alhali aya ta 60 a Suratut Tauba ta sa waɗanda bashi ya yi wa katutu cikin mutum takwas da ake bai wa zakka. Alhajin da ya fitar da dami ɗaya cikin goma da kaka yana iya samun maƙwabcin da layinsa ya fi tsawo, su je shagon tare bayan isha'i, a soke shafin. Magidanci ya samu damar sake aiko yaro, mai shago kuma ya samu na saro kaya ranar kasuwar Mai'aduwa.