Ka gama digiri a Kudu? Ga takardar da za ta iya hana ka aikin gwamnati

Duk lokacin da aka sallami masu bautar ƙasa, za ka ga yaranmu na Agege, Idi-Araba, Sabon Ibadan da Fatakwal sun dawo gida da takardu a jaka, iyaye na ta murna. Bayan 'yan watanni sai murna ta koma ciki. Sau da yawa abin da ke tare musu hanya takarda ce guda da ba wanda ya ce su nema da wuri: shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda muke cewa indijin.

Ga yadda abin yake. Sashe na 14(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a riƙa raba muƙaman gwamnatin tarayya tsakanin jihohi, don kada wani ɓangare ya kwashe komai. Shi ya sa idan aka buɗe ɗaukar soja, ɗan sanda, kwastam ko jami'an shige da fice, sai fom ya tambaye ka jiha da ƙaramar hukuma. To, a Najeriya asalin uba ake bi, ba inda aka binne cibiyarka ba. Wanda aka haifa a Agege, mahaifinsa mutumin Katsina ne, a kason Katsina za a ƙirga shi, ko da Yarbanci ya fi zama a bakinsa.

Nan ne wahalar take. Kafin ƙaramar hukuma ta ba ka takardar, yawanci sai mai unguwa ko dagaci ya shaida cewa ya san gidanku. Ɗan kawuna ya sha wannan. Sai da aka buɗe shafin cike fom sannan ya hau mota zuwa garin kakanmu. Dagaci ya ce bai san shi ba, aka yi ta neman dattijon da ya san kakan tun kafin ya sauko Kudu da shanu. Kafin takarda ta fito, an rufe shafin.

Don haka ɗalibi ya yi wannan tafiya tun yana makaranta, lokacin hutu, kuma da mahaifi ko baffa a gaba. Iyaye, ku ma ku riƙa kai yara gida ana ganinsu. Zumunci a ƙafa yake.

Sai kuma suna. Mu ne za ka ga Muhammad a WAEC, Mohammed a JAMB, Muhammadu a NIN, ranar haihuwa ma iri biyu. Kwamfuta ba ta san uzuri ba. A daidaita komai tun kafin a tafi bautar ƙasa.

Shekaru ma abin lura ne. Bankuna da manyan kamfanoni da yawa suna sa iyakar shekaru ga sabbin ɗauka, alhali yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai ya cinye wata takwas. Zaman jiran gwamnati shekara biyu ko uku na iya rufe maka wannan ƙofar ma.

Ita kuwa ƙofar kamfanoni ta fi mana sauƙi, don su ba kason jiha suke bi ba. Kamfanin da ke son sayar da kaya a Mile 12, ko bankin da ke neman 'yan kasuwar Kara, yana buƙatar wanda zai yi Hausa da dillali, ya juya ya yi Yarbanci da mai saye, sannan ya rubuta rahoto da Turanci. Mu muka tashi da wannan, amma da yawa ba sa ma rubuta shi a CV ɗinsu. Rubuta shi a inda za a gani.

Kafin aiki ya zo kuma, kar ka raina kasuwar gida. Alawus ɗin bautar ƙasa yanzu naira 77,000 ne. Wanda ya daure ya tara wani abu, zai iya yin rajistar sunan kasuwanci a CAC, ya riƙe wa mahaifinsa lissafin mota, haraji da bashi a rubuce. Wannan ma ƙwarewa ce da za ka faɗa a wajen intabiyu ba kunya.

Wanda kuma ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka gurbi, ka kama kanka. Shanu nawa aka sayar a kan irin wannan alkawari, har yau shiru.

Allah Ya buɗa wa matasanmu hanyar halal.