FASHIN BAƘI: Me ya sa maki kaɗai ba ya kai ɗan ƙauye makarantar haziƙai? Darasi daga Gaya da Ajingi

A garin Gaya akwai makarantar da ɗalibai daga sassan Jihar Kano ke kokawar shiga, wato Kwalejin Kimiyya ta Maitama Sule. Yaron da ya taso a mazaɓar Balan, cikin ƙaramar hukumar ta Gaya, ko a wani ƙauyen Ajingi, ya fi ɗan birnin Kano kusa da ƙofarta. Sai dai ba a shigarta da kusanci. Da jarrabawa ake shiga, kamar yadda ake shiga kwalejojin haɗin kai na Gwamnatin Tarayya da manyan makarantun kuɗi.

Duk shekara idan sakamako ya fito, tambaya ɗaya iyaye ke yi: maki nawa ake nema? Amsar tana da amfani, amma ba ita ce ke nuna damar yaro ba. Abubuwa uku ne ke yanke hukunci: yawan gurabe, rukunin da aka sa yaro ya yi gasa a ciki, da kuma ko ya samu zama jarrabawar tun farko.

Mene ne makin iyaka?

Mutane da yawa na ɗaukar makin iyaka a matsayin ma'aunin da ke raba mai ƙwaƙwalwa da maras ita. A zahiri lissafin kujeru ne. Ana jera ɗalibai daga mafi yawan maki zuwa ƙasa, a ƙirga har gurabe su ƙare. Makin wanda ya samu kujerar ƙarshe shi ne iyaka.

A ƙaddara makaranta na da gurbi 100, yara 1,000 suka zauna jarrabawa. Ɗaya cikin goma ne zai shiga. Idan baɗi yara 2,000 suka zauna alhali guraben ba su ƙaru ba, sai ya koma ɗaya cikin ashirin, makin iyaka kuma ya hau. Yaron da ya ci makin da ya wadatar bara zai iya komawa gida bana, ba tare da ƙoƙarinsa ya ragu ba. Don haka duk makarantar da ta faɗi makin iyaka amma ba ta faɗi adadin masu nema da adadin gurabe ba, rabin labari ta bayar.

Ƙofa ta farko: kwalejojin tarayya

Hukumar NECO, mai hedikwata a Minna, ita ke shirya jarrabawar shiga kwalejojin haɗin kai sama da 100 da ke faɗin ƙasar nan, wadda aka fi sani da kwaman. A Jihar Kano akwai Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Kano da ta 'yan mata da ke Minjibir. Tsarin da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ke sanarwa a shekarun baya-bayan nan shi ne: kashi 60 cikin 100 na gurabe bisa cancanta, kashi 30 bisa daidaito tsakanin jihohi, kashi 10 kuma don buƙatu na musamman.

Rabon jihohin ne ya haifar da ce-ce-ku-cen da ba a manta ba a 2013, lokacin da aka fitar da makin iyaka na kowace jiha. Cikin maki 200, an nemi 139 daga ɗan Anambra, 133 daga ɗan Legas, 67 daga ɗan Kano, 44 daga ɗan Jigawa, yayin da aka nemi maki 2 kacal daga namiji ɗan Yobe. Babban lauya Olisa Agbakoba ya kai ƙara, kuma a 2014 Mai Shari'a John Tsoho na Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ya yanke hukuncin cewa bambancin ya saɓa wa sashe na 42 na kundin tsarin mulki, wanda ya haramta nuna wariya. Masu kare tsarin kuwa suna kafa hujja da sashe na 14(3), wanda ya yi tanadin a dama da kowane yanki a al'amuran tarayya.

Tun daga lokacin, muhawarar ta tsaya a kan Kudu da Arewa. Abin da ba a cika kula da shi ba shi ne wanda ke cin gajiyar sassaucin a cikin jihar kanta. Da jihar asali ake lissafin kason, ba da ƙaramar hukuma ko irin firamaren da yaro ya fito ba. Ɗan babban ma'aikaci ɗan asalin Kano da ya yi firamaren kuɗi a Abuja, da ɗan manomi daga Balan da ya yi firamaren gwamnati, duk a layi ɗaya suke. Sassaucin da aka yi domin yankin da aka bari a baya ya fi sauƙin faɗawa hannun wanda ba a bari a baya ba.

Ƙofa ta biyu: kwalejojin kimiyya na jiha

Kano ta daɗe da gina nata tsarin zaɓen haziƙai. A 1977 aka kafa hukumar makarantun kimiyya, aka buɗe makarantun Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, domin jihar ta samar da likitoci da injiniyoyi nata na kanta. Daga baya aka ƙara wasu, har da ta 'yan mata a Garko da ta Gaya. Hukumar Makarantun Kimiyya da Fasaha ce ke kula da su, kuma ana ɗaukar ɗalibai ne ta jarrabawa bayan aji uku na ƙaramar sakandare.

Ga talaka, wannan ce ƙofar da ta fi faɗi, domin makarantun gwamnati ne kuma mafi yawansu na kwana. Amma jarrabawar na auna abin da aka koya wa yaro cikin shekara tara da suka wuce. Idan ƙaramar sakandarensa ta shafe zango babu malamin lissafi ko na kimiyya, makinsa zai nuna giɓin makarantar, amma sunansa ne zai ɓace daga jerin waɗanda aka ɗauka.

Gurbin da ke karkara kuma ya fi saurin girgiza. A watan Fabrairun 2021, bayan sace ɗalibai mata a Jangebe ta Jihar Zamfara, gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta rufe makarantun kwana goma da ke wajen birni. Makarantar kimiyya ta Gaya na cikinsu, haka ma wata ta Ajingi. Matakin na kariya ne, amma ya nuna cewa idan tsaro ya taɓarɓare, makarantun da suka fi kusa da ɗan ƙauye su ake fara kullewa.

Ƙofa ta uku: makarantun kuɗi

Manyan makarantu masu zaman kansu, irin su NTIC mai reshe a Kano, ko Loyola Jesuit da aka buɗe a Abuja a 1996, su ke tsara jarrabawarsu. A irin waɗannan makarantu tacewa hawa-hawa ce: sayen fom, jarrabawa, a wasu wuraren ganawa da yaro da iyayensa, sannan biyan kuɗin makaranta. Maki na buɗe hawa na biyu ne kawai. Yaron da ya ci amma aka gaza biya masa, kujerarsa na komawa ga na bayansa a jerin jira.

Hanyar da ta rage wa marar hali ita ce tallafin karatu. NTIC, misali, na shirya gasar lissafi ta ƙasa duk shekara tare da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa, inda zakaru ke samun gurbin karatu. Sai dai a nan gasa ta fi tsanani, domin kujerun tallafi kaɗan ne, kuma babu kason jiha ko na ƙauye da zai tare wa kowa. Wanda ma bai ji labarin gasar ba, ba ya cikin lissafi.

Rairayar da ake yi kafin ranar jarrabawa

Wannan shi ne babban shingen. A 2023 yara sama da 70,000 ne suka yi rajistar kwaman a duk Najeriya, adadin da bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da miliyoyin da ke gama firamare, kuma Legas ce ta saba zama kan gaba. Ta intanet ake rajistar, da kuɗi. A ƙauye hakan na nufin sai wani ya san lokacin da aka buɗe, ya biya kuɗin mota zuwa shagon intanet, sannan ya kai yaro cibiyar jarrabawa.

Sai batun harshe. Da Turanci ake rubuta tambayoyin, har da sashen da ke gwada wasa da kalmomi da gano tsarin lambobi. Irin waɗannan tambayoyi na da salo, kuma salon ana koyonsa. Ɗan birni na yin lesin da tsofaffin takardun jarrabawa tsawon watanni. Yaron da da Hausa ake yi masa bayani a aji, zai iya sanin lissafin amma ya kasa gane abin da tambayar ke nema.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta yi alƙawarin shekara tara na karatu kyauta kuma dole. A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Kano, abin da ke nuna gwamnati da kanta ta amince cewa tushen ya lalace. Ɗaya daga cikin ma'aunan da za su nuna ko matakin ya yi tasiri shi ne adadin 'ya'yan firamaren karkara da ke tsallake waɗannan jarrabawa.

Akwai wata hanyar rabo

Matsalar ba ta Najeriya kaɗai ba ce. A birnin Shikago na Amurka, makarantun haziƙai na gwamnati sun daɗe suna ba da kashi 30 na gurabe ga mafi yawan maki, sauran kashi 70 kuma a raba su tsakanin rukuni huɗu na unguwanni gwargwadon halin rayuwar mazaunansu. Har yanzu maki ne ke aiki, amma yaro na gasa da wanda suka taso cikin yanayi iri ɗaya. Tsarin na da masu suka, sai dai ya nuna cewa ana iya auna wurin da yaro ya taso, ba takardar asalinsa kaɗai ba.

Kafin a kai ga sauya tsari, akwai alƙaluman da ya kamata su kasance a fili: yara nawa suka zauna daga kowace ƙaramar hukuma cikin 44 na Kano, nawa aka ɗauka, nawa daga cikinsu suka fito daga makarantun gwamnati, kuma su wa suka samu kashi 10 na buƙatu na musamman. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta bai wa kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa NECO ko Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, kuma ta wajabta amsa cikin kwana bakwai. Ƙungiyoyin ɗalibai da na ci gaban Gaya da Ajingi na iya farawa daga nan, sannan su tambayi kansilan Balan da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma tambaya mai sauƙi: yara nawa aka yi wa rajista bana?