Sunayen Unguwannin Kano da Abin da Suke Riƙe da Shi

Ka sani, ya mai karatu, baƙon da ya shiga Kasuwar Kurmi a yau zai nemi kurmi ya rasa. Rumfuna zai gani, da turare, da littattafai, da kayan doki. Amma sunan bai yi ƙarya ba. Littafin Tarihin Kano ya ambaci cewa a nan akwai duhun itatuwa kewaye da ruwan Jakara, ana ce masa Kurmin Baƙin Ruwa, mutanen Barbushe suna girmama shi. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa kasuwa a wurin. Aka sare itatuwan, sunan ya wanzu. Dutsen Dala kuwa, a faɗar littafin nan, sunan mutumin da ya zauna a kansa ne, kakan Barbushe.

Sunayen unguwanni sun fi ban sha'awa ga ɗan kasuwa, domin su ne rajistar baƙin birni. Zangon Barebari masaukin fataken Barno ne. Tudun Nufawa ya haɗa abu biyu, siffar ƙasa da asalin mazaunanta. Sharifai mazaunin sharifai ne da ake danganta su da zuwan Shehu Magili a zamanin Rumfa. Alfindiki daga lafazin Larabci ne mai ma'anar masaukin matafiya. Dandalin Turawa shi ne ke ruɗa yaran zamani, suna zaton Nasara ake nufi, alhali mutanen da can Larabawan Tarabulus da Gadamus suke kira Turawa, tun kafin Ingilishi ya ci Kano a 1903.

Bayan haka akwai fa'idar da ta shafi aljihu. Magabata ba su ce wa wuri tudu, ko kwari, ko fadama a banza ba. Hanyar ruwa suke bayyanawa. An cike kududdufan da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gina gidaje, an yi shaguna a kansu, an shimfiɗa titi bisa Jakara, shi kuwa ruwan Agusta yana neman tsohon mazauninsa. Attajirin da dillali ya kai shi fili mai arha, ya dace ya tambayi dattawan unguwa yadda ake kiran wurin kafin a yanka shi filaye. In suka ce masa kwari ne, to, ya sake lissafi kafin ya biya la'ada.