Ramin Kifi A Gidan Haya: Ina Ikon Mai Gidan Ya Tsaya, Ina Naki Ya Fara?

   

Zancenmu na yau na matan da ke zaune a gidan haya ne. Kin san yanzu kiwon tarwada ya shigo cikin sana'o'in da mace za ta yi tana ɗakinta. Ba sai ta je bakin kogi ba, ba sai ta je kasuwa ba. Ta kiwata, ta yi banda, yara ko dillaliya su kai mata. Mu kuwa mutanen Haɗeja kifi ba baƙonmu ba ne, bandarmu har Kudu ake lodinta. Don haka tambayar da ke yawan fitowa daga bakin mata ita ce: "Ina gidan haya, ga fili a bayan ɗaki ba a komai da shi. Na kwashi adashi, ina so a haƙa mini rami ko a gina mini tankin siminti in zuba kifi. Shin wanda ya ba mu hayar yana da ikon ya hana ni?"

Kafin mu shiga, bari mu raba sunaye don kada mu ruɗe. In kin ji na ce "mai gidan haya", ina nufin wanda ya mallaki gidan. In na ce "Malam", to maigidanki nake nufi.

Amsar a taƙaice ita ce e, yana da wannan iko a kan duk abin da zai taɓa ƙasar gidan ko gininsa. Abin da kuwa ake ajiyewa a ɗauke, kamar baho ko tankin roba, hukuncinsa daban ne, za mu zo kansa.

To, me ya ba shi ikon? Ki tambayi kanki, da Malam ya biya kuɗin haya, me ya saya? Amfanin gidan ya saya zuwa wani lokaci: ku kwana, ku girka, ku yi wanki, ku yi shanya, ku ɗaure 'yar akuya in unguwar an saba da haka. Ƙasar da bangon suna nan a hannun mai su. Littattafan Malikiyya da malamanmu ke karantarwa a zaure, irin su Risala da Muhtasar, sun yi bayanin haya a babin ijara. Abin da za ki riƙe a ciki guda uku ne. Na farko sharaɗi: duk abin da aka yi yarjejeniya a kai ranar karɓar gida, shi ne ke aiki. Na biyu al'ada: abin da ba a ambata ba, sai a duba yadda mutanen garin suka saba amfani da irin wannan gida. Na uku cutarwa: ɗan haya yana iya yin abin da aka ba shi gidan dominsa, ko wani abu da bai fi shi cutar da gini ba, amma ba ya ƙetarewa zuwa wanda ya fi. Gidan kwana aka ba ku. Tara ruwa mai yawa a gindin bango wata da watanni ya fi kwana da girki cin gini. Kuma gidan amana ne a hannunku. In ya lalace don kansa, ba ruwanku. In kun wuce iyaka ya lalace, ku za ku biya.

Dokar ƙasa ma nan ta dosa. A tsarin da kotunan Najeriya ke bi, ɗan haya ba ya sauya fasalin gida sai da yardar mai shi. Dokar haya da Jihar Legas ta yi a 2011 ta rubuta shi ƙarara cewa sai an samu izini a rubuce, ta kuma ce wanda ya yi gyara da irin wannan izini yana iya neman diyya in aka tashe shi. Sannan akwai wata ƙa'ida da ya kamata kowace mace ta sani kafin ta saki kuɗinta: abin da aka gina ya kama ƙasa, ya bi ƙasa. Wato in kika zuba kuɗin adashinki a bulo da siminti ba tare da an yi magana ba, ranar tashi ba za ki naɗe tankin ki ɗora a kura ba. A wajen malaman Malikiyya ma, in wa'adin haya ya cika, mai gidan yana da zaɓi: ko ya ce a rushe a mayar masa da filinsa yadda yake, ko ya riƙe ginin ya biya kuɗinsa a matsayin rusasshe, wato kuɗin ɓaraguzai. Kin ga ke nan ko ta ina aka bi, hasarar a kanki take. Ai dama Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Wata za ta ce, "To shi mai gidan hayar me zai rasa? Ba baƙin ciki ba ne kawai?" Wani lokaci akwai hassada, ba mu musa ba. Amma a ƙasar Haɗeja tsoron ruwa yana da dalili. Kogin Kano da Kogin Challawa ne suka haɗu, suka biyo ta Wudil da Ringim suka iso mana, sannan ruwan ya bazu cikin fadamun da suka miƙe har Nguru. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta sauya, ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa da dama. Kun dai ga abin da ambaliya ta yi a 2001, da 2018, da 2020, da 2022, a Auyo, Kafin Hausa, Kirikasamma, Guri, da gefen garin Haɗeja kansa, inda samari suka kwana suna jera buhunan ƙasa a kan jinga. A irin wannan ƙasa, ruwan ƙarƙashi kusa yake. Da damina ki leƙa rijiya ki ga yadda yake tasowa. Gidaje da yawa kuma har yanzu na ƙasa ne, wasu an yi musu shafen siminti a sama kawai. Bangon ƙasa daga gindi yake mutuwa. Danshi ya hau shi, ya yi laushi, ya fara zubar da gari, wata rana da tsakar dare ya kwanta. Wa ke kwance a bayansa? Ke da 'ya'yanki, ko maƙwabciyarki da nata.

Bari mu yi ɗan lissafi. Tanki mai tsawon mita 3, faɗin mita 2, zurfin mita 1, wato kamar tabarma uku a jere, yana cin ruwa lita 6,000. Jarka mai lita 25 guda 240 ke nan. Nauyinsa tan 6, daidai da buhun siminti 120. Tarwada kuma kan ɗauki wata huɗu zuwa shida kafin ta isa sayarwa, kuma duk bayan 'yan kwanaki sai an rage ruwan an zuba sabo, in ba haka ba ya yi wari kifin ya mutu. To ina wannan ruwan zai tafi? In rariyar gidan cikin lungu take zubarwa, kin jiƙa gindin katangar mutane, kin kuma yi wa sauro masauki. Shi kansa tankin da kifi ke ciki bai cika tara sauro ba, don kifin na cinye tsutsar. Ruwan da aka zubar ya kwanta shi ne matsalar, domin a lokacin zafi kwana goma ma sun isa ƙwan sauro ya zama mai cizo. In kuma akwai rijiya kusa, ƙazamin ruwan na iya tsatsafawa cikinta. Nan duba-gari ma yana da ta cewa, ko da mai gidan ya yarda.

Sai babban abin, wato yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa yara 'yan shekara 1 zuwa 4 suna cikin waɗanda nutsewa ta fi kashewa. Yaro mai rarrafe ko mai tatata kansa yana da girma da nauyi in aka kwatanta da jikinsa. In ya leƙa ya kifa, ko a bokiti ne, ba ya iya ɗagowa, kuma ba ya ihu. Kina tuƙa tuwo a madafi, abin ya faru a bayanki. A gidan haya mai ɗakuna da yawa, yaran ba naki kaɗai ba ne. Wannan tsoron har a ƙasashen Turawa yana nan. A Amurka, masu gidajen haya da yawa suna rubutawa cikin takardar haya cewa ba a yarda a kafa wurin ninkaya a bayan gida ba, kuma garuruwa da dama sun wajabta a kewaye irin wannan wuri da shinge mai ƙofa. Dalilansu su ne namu: rai, gini da maƙwabta. Haka nan wannan bahon roba da ake hurawa, wanda ake saya wa yara da zafi ko da Sallah, in sun gama wasa a zubar da ruwan a kife shi nan take.

Yanzu mu juyo ɓangarenki, don ke ma kina da haƙƙi. Mai gidan haya ba shi da ikon hana ki randa, ko duro, ko bahon wanki, ko tara ruwan sama daga indararo don amfanin gida. Wannan zaman gida ne na yau da kullum. Ba shi da ikon faɗowa cikin gida kai tsaye wai ya zo duba, sai ya nemi izini ta wajen Malam, an sa lokaci, an kimtsa. In kuma ya taɓa ba da izini kin kashe kuɗi, ba ya wayi gari ya turo yara su fasa. Ko da ku ne da laifi, doka ba ta ba shi damar cire ƙofa, ko kwance rufi, ko watsa kayanku waje ba. Sai ya ba da sanarwa, in ba ku tashi ba ya je kotu. A yawancin dokokin haya na jihohin ƙasar nan, in ba a yi wani sharaɗi daban ba, mai biyan wata-wata sanarwar wata guda ake ba shi, mai biyan shekara kuma wata shida.

To yaya za ki yi ki samu sana'arki ba tare da rigima ba? Ki fara da Malam, tunda galibi da shi aka ƙulla hayar. In ke kika kama gidan da kanki, ki aika wanki, ko ƙaninki, ko ɗanki babba. A je da ladabi, a ce, "Alhaji, iyali ne ke son ɗan kiwon kifi, muka ce ba za mu taɓa ƙasarka ba sai mun ji daga bakinka." Kada a tsaya kan dillalin da ya sama muku gidan, sai in an tabbata mai gidan ya wakilta shi. In ya amince, a rubuta, ko da boko ko da ajami, ko a bayan rasit ne, da shaidu biyu. Abu biyar za a sa: inda za a yi tankin da girmansa, inda ruwan zai riƙa fita, wanda zai gyara in bango ya taɓu, shekara nawa za a bar ku a gidan ba tare da an tashe ku ba, da kuma abin da za a yi da ginin ranar tashi, ko a rage muku a kuɗin haya ko ku rushe ku cike. Ki karɓi kwafinki ki adana inda kike ajiye takardun asibitin yara. "Ai Alhaji ya ce ba komai" ba hujja ba ce. Alhaji na iya sayar da gidan, ko ya rasu magada su zo, su kuwa ba su ji ba ba su gani ba.

Shawarar da ta fi sauƙi ga 'yar haya ita ce ki bar haƙa da gini gaba ɗaya. Akwai tankin tamfol da ake ɗaurawa a jikin katako ko ƙarfe, akwai kuma na roba. Ki fara da ƙarami. A ajiye shi nesa da bango, aƙalla taku uku ko huɗu, a kan daɓe mai ƙwari, a rufe shi da raga mai ƙarfi, a kewaye shi yadda yaro ba zai kai ba. Ruwan da kika sauya ki ba zogale da alayyafo da yakuwa, taki ne mai kyau. Ranar tashi ki naɗe abinki ki tafi da shi. Shi ma dai a sanar da mai gidan, domin in takardar hayarku ta hana kiwo ko sana'a a gidan, sharaɗin ya hau kanku, kuma in wari ko danshi ya dami mutane, yana da bakin magana. A gidan da kuke da yawa, ki shawarci sauran matan tun kafin kifin ya iso.

In kuwa an riga an yi, rigima ta tashi, kada ki biye wa zuciya ki aika da baƙar magana ta bakin yara. A fara da dattawan unguwa da liman, sannan mai unguwa, in ta ƙi a je wajen hakimi. Yawancin irin wannan magana a nan take mutuwa. In ta wuce nan, akwai kotun shari'a da ta majistare, kuma a can takarda da shaidu za a tambaya. Idan kuma Alhaji ya ce a'a tun farko, ki karɓa da haƙuri. Kuɗinki na hannunki, kina iya haɗa jari da 'yar'uwar da ke gidan kansu, ko ki sayi ɗanyen kifi ki riƙa banda, ita ma sana'a ce mai riba.

'Yan'uwa, nan za mu dakata. Wadda ke da niyya, a daren nan ta tambayi Malam abin da aka rubuta a takardar hayarsu, tun kafin ta kira magini. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya tsare mana 'ya'yanmu, Ya mallaka wa kowaccenmu gidan kanta.