Wa ke da haƙƙin riƙon 'ya'ya idan aure ya mutu? Abin da dokokin Najeriya suka tanada

A gidaje da dama, da zarar igiyar aure ta tsinke sai wata sabuwar taƙaddama ta kunno kai: a hannun wa yara za su zauna? Abin da aka saba gani shi ne mace ta tafi da na goye, idan ta yaye shi a aiko a karɓe, bisa hujjar cewa ɗa na uba ne. Sai dai wannan al'ada ce kawai, kuma ta saɓa wa abin da kotuna ke bi.

Dokar da za a yi aiki da ita ta danganta da irin auren da aka ɗaura. A Najeriya iri uku ne: auren Musulunci, auren rajista da auren gargajiya.

Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya bai wa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha hurumin sauraron ƙararrakin aure, saki da kula da ƙananan yara tsakanin Musulmi. Alƙalan Arewa na bin mazhabar Malikiyya, suna dogaro da littattafai irin su Risala da Mukhtasar Khalil.

A wannan mazhaba, uwa ce ta fi kowa cancantar riƙo, wanda malamai ke kira hadana. Namiji yana hannunta har ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare. Yaye ba ya kawo ƙarshen wannan haƙƙi.

Idan uwar ta auri wanda ba muharramin yaron ba kuma ta tare, riƙo kan fita daga hannunta, amma ba ya wucewa kai tsaye zuwa ga uba. Kaka ta wajen uwa ce ke biye, sai 'yar'uwar uwa, kafin a zo kan dangin uba. Ana kuma sharɗanta wa mai riƙo hankali, amana, ƙoshin lafiya da muhalli mai aminci.

Uba dai shi ne waliyyi, kuma nasaba tasa ce. Ciyarwa, tufatarwa, magani da karatun yaro suna wuyansa gwargwadon ƙarfinsa, ko da yaron ba a gidansa yake kwana ba. Furucin "in kin tafi da su ke za ki ciyar" ba shi da madogara a gaban alƙali.

Auren rajista kuwa Babbar Kotu ce kaɗai ke raba shi, ƙarƙashin Dokar Shari'o'in Aure ta 1970. Sashe na 71 na dokar ya umarci kotu ta fifita maslahar yara a kan komai. Alƙali kan duba shekarun yaro, shaƙuwarsa da kowane ɗaya daga iyayen, makarantarsa da tanadin da aka yi masa. Ba a bayar da riƙo don hukunta wanda ya yi sanadin mutuwar auren, wanda bai samu ba kuma yakan samu damar ziyara.

A auren gargajiya, al'adu da yawa na bai wa uba fifiko. Amma a shari'ar Okwueze da Okwueze ta 1989, Kotun Ƙoli ta nuna cewa ba za a tilasta wannan fifiko ba idan zai cutar da yaro. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta ƙarfafa hakan, inda sashenta na farko ya ce maslahar yaro ce abin dubawa na farko a duk matakin da ya shafe shi. Dokar na aiki a jiha ne bayan majalisar dokokinta ta amince da ita.

Duka da cin zarafi na daga cikin abubuwan da ke sauya hukunci. Mata da dama na haɗiye azaba don tsoron a raba su da 'ya'yansu, alhali a Malikiyya matar da ta tabbatar da cutarwa na iya samun saki daga alƙali ba tare da ta mayar da sadaki ba, saɓanin khul'i, kuma haƙƙinta na riƙo na nan daram.

Dokar Haramta Cin Zarafin Jama'a, wato VAPP, wadda tsohon Shugaban Ƙasa Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a watan Mayun 2015, ta tanadi ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko tarar da ba ta haura naira 200,000 ba, ko duka biyun, ga wanda ya doki abokin aurensa, mace ko namiji. Korar abokin aure daga gida da ƙarfi da yin watsi da iyali ba ci ba sha su ma laifuka ne. Kotu na iya bayar da umarnin kariya da zai hana mai cin zarafin kusantar wanda ya cuta. Dokar ta tarayya ta shafi Abuja ne, inda hukumar NAPTIP ke aiwatar da ita, jihohi da dama kuma sun yi tasu.

Kotu da hujja take aiki. Takardar asibiti, rahoton 'yan sanda, shaidar maƙwabta da rasitan kuɗin makaranta duk suna da nauyi. Ƙwace yaro da ƙarfi ko ɓoye shi kuwa na iya raunana matsayin wanda ya aikata a gaban alƙali.

Masu ƙaramin ƙarfi na iya neman taimakon lauya kyauta a Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta Ƙasa ko Ƙungiyar Mata Lauyoyi ta FIDA, ko su kai koke ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Wanda hukuncin ƙaramar kotu bai gamsar da shi ba kuma yana da damar ɗaukaka ƙara cikin wa'adin da doka ta gindaya.